Yadda Na Nuna Gwaggo Hure da Yatsa Na Ce Biyu

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman aure na yafe na manta, amma ba zan taɓa mantawa da zuwana Kurfi aikin tambayoyi gida gida ba, kuma ko na so in manta dangin mijina ba za su bari ba. Har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni, tana sakina haushi ya karɓa. Haushin ma ban san wanda ya fi cancanta ba: maigidana ne, ko ofishinmu, ko wata faffaɗar waya da ba ta san babba ba balle yaro. (Ni dai tuni na cire kaina daga cikin masu laifi. Idan kun gama karantawa kuna iya mayar da ni, ba zan ji daɗi ba dai.)

Lokacin ina amarya, lallen biki ma bai gama barin farcena ba. Mun tare a Dutsin-Ma inda maigidan yake koyarwa, amma shi ɗan Kurfi ne, can mahaifiyarsa Hajiya take, can kuma duk danginsa suke, inda kowa ke kiransa Ɗanjuma. Ni kuwa na gama karatu na daɗe ina zaman jiran aiki har na fara haddace tallace-tallacen rediyo. Sai ga wani ƙaramin kamfanin bincike yana neman mata masu shiga gidaje su yi tambayoyi. So suke su san yadda mutane da masu sana'a suka karɓi ƙirƙirarriyar basira, AI ɗin nan da ake ta zance, manhajar da za ka tambaya ta amsa maka kamar mutum, ta rubuta maka talla, ta gyara maka hoton kayan sayarwa. Maza suna bin shaguna da kasuwa, mu kuma mu shiga wurin masu ɗinki da masu ƙuli-ƙuli da daddawa da turaren wuta, tunda namiji baƙo ba ya wuce zaure.

Maigidan ya yarda ba musu. Hajiya ce ta ɗan ja. Da na kira ta a waya na gama gaisuwa na faɗa mata, sai ta ce, "Ban hana ki ba, ɗiyata. Amma ran da aikin nan ya jawo mamu magana a gari, ran nan za ki aje shi." Na ce to Hajiya, in sha Allahu ba za a ji komai ba. Ina son aikin nan ƙwarai, don shi ne abu na farko da na samu da takardata, ba da alfarmar kowa ba.

Shugabar tawagarmu Anti Saratu ce, 'yar cikin birnin Katsina, mai gilashi a kan hanci, wadda ban taɓa ganin haƙoranta ba a duk kwanakin horarwa. Ta raba mana wayoyin nan masu faɗi, waɗanda muke kira allo, ta kafa mana doka. Idan allo ya nuna maki inda za ki fara, ki tsallake gida biyu ki shiga na uku, ko gidan wane ne, don kada son rai ya shiga zaɓen. Abin da aka faɗa maki shi za ki rubuta, ba abin da kike zato ba. Sannan kyauta, ko ƙwayar gyaɗa ce, kada ki karɓa. Na riƙe dokokin nan kamar karatun Islamiyya, kuma a Dutsin-Ma sun yi mani aiki. Na sha ganin abin dariya dai. Akwai wata tela da ta rantse ba ta san abin ba, alhali ina zaune take nuna wa mai ɗinki wani salon riga da manhajar ta zana mata, wai kada a ce ba daga kanta take fitar da ɗinki ba. Na rubuta a'a kamar yadda ta ce, na yi bayani a ƙasa. Anti Saratu har ta ambaci sunana a gaban kowa ta ce a yi koyi da ni. Kaina ya kumbura, ba na musu.

Sai aka ce mako mai zuwa ni ce Kurfi.

To a nan akwai wani abu da ya kamata ku sani. Tun da aka kawo ni ba mu yi zagayen dangi ba, wato a ɗauki amarya gida gida ta gaida 'yan uwan miji, a fara da babba a gangaro. Kullum na yi magana sai maigidan ya ce a bari a yi hutun makaranta. Su kuma dangin ban san fuskar ko ɗaya ba, don ranar biki a lulluɓe nake, ƙafafu kawai na gani da bakin zannuwa. Na ce masa, ni fa jikina bai ba ni ba, ko in roƙi a canza mani gari? Ga Hajiya ma ba ta nan, ta tafi suna Katsina, sai washegarin ranar da zan je za ta dawo. Yana kurɓar shayinsa hankali kwance ya ce, "Ke dai tahi ki yi aikinki. Kin sa hijabi, kin ɗora rigar ofis, wa ya san ki a Kurfi?"

Wa ya san ni a Kurfi! Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni daga tasha ko rabin hanya ba mu yi ba ya waiwayo ya ce, "Hajiya, ba amaryar Ɗanjuma ba ce? Ai ni na yi jigilar kujerun bikinku." Ya sauke ni ƙofar mai unguwa, inda zan fara neman izini, ya juya da sauri kamar wanda aka aika. Mai unguwa kuma ya ajiye ni ya daɗe yana juya takardar ofis yana tambayata lafiyar mutanen Dutsin-Ma ɗaya bayan ɗaya. Ashe duk zaman nan da nake yi labari yana can yana shiga gidaje: amarya ta zo zagayen dangi.

Allo ya nuna mani in fara daga famfon unguwa. Na tsaya na gyara rigar ofis a kan hijabi, na miƙa yatsa kamar yadda aka koya mana. Gidan farko, na ce ɗaya. Gida na gaba akwai darbejiya a ƙofa, an share gabansa tas har an yayyafa ruwa, ga wata tsohuwa zaune a bakin zaure cikin sabon zane, tana ta murmushi tana gyara zama. Na ce, "Sannu Iya," ban ko rage tafiya ba, na nuna ta da yatsa na ce biyu, na duba allona na shige gida na uku. (Ku riƙe tsohuwar nan a ranku. Ni ban riƙe ta ba.)

Ina yin sallama sai guɗa ta tashi har kaji suka watse. Wata mata gajera mai fara'a ta saki ludayin suyar ƙuli-ƙuli ta taho da gudu ta rungume ni da rigar ofis da komai. "Lale marhabin da amarya! Ashe gidana za ki hwara? Kai, Allah shi yi maki albarka!" Wannan ita ce Inna Tabawa, matar ƙaramin ƙanen mahaifin mijina. Kafin in ce uffan an shimfiɗa sabuwar tabarma, an dama fura, maƙwabta sun leƙo ta katanga. Ni da na shigo a matsayin jami'ar bincike sai ga ni durƙushe, na ja hijabi har goshi, muryata ta koma kamar ta sauro.

Na ce, "Inna, aiki ne ya kawo ni."

Ta ce, "Awo, zumunci ai shi ne aiki."

Da ƙyar na samu na fito da allo, na karanta mata tambayar kaina a ƙasa: ko tana amfani da ƙirƙirarriyar basira a sana'arta. Na ɗan yi bayanin abin da ake nufi. Ta saurara da kyau, ta karkata kai ta ce, "In na ce eh, shi za ya yi maki daɗi wurin manyanku?"

"Inna, gaskiya kawai ake so."

"To gaskiyar ke nan. Eh."

Na ce a wane fanni, talla, ko lissafi, ko neman shawara? Ta ce, "Sa mani duka, kar a ce na yi maki rowa." Ga wayarta nan a gefen murhu ina kallo, 'yar ƙarama mai fitila, an ɗaure murfin bayanta da zare.

Yanzu ku gaya mani tsakani da Allah, me zan yi? In ɗaga kai in ce wa matar baffan mijina ƙarya take yi, a tsakar gidanta, furarta ko sauka daga wuyana ba ta gama ba? Sannan doka ta ce abin da aka faɗa maki shi za ki rubuta. Na danna eh, na danna duka. Bayanin da nake yi a ƙasa ma ban iya yi ba, don ta matso tana leƙen allon tana cewa masha Allahu, ashe amaryar tamu har rubutu take da yatsa. Da zan fita ta kawo ƙuli-ƙuli cike da leda. Na ce Inna an hana mu karɓa. Fuskarta ta canza ta ce, "Kin raina ne?" Na karɓa da hannu biyu.

Daga nan abin ya ƙwace mani. Saƙon Inna Tabawa ya riga ni tafiya ta kan katangu: idan amarya ta yi tambaya a ce mata eh, shi ne zai ɗaga ta a wurin aiki. Wani gidan ban gama sallama ba aka amsa daga madafa, "Eh, muna yi!" Wata tsohuwa mai kaɗa daddawa, da idonta ma ba ya gani sosai, ta ce ita tun kafin a haife ni take amfani da shi. Ko'ina sai an yi mani addu'ar Allah ya kawo ƙazantar ɗaki, ko'ina sai an ɗora mani wani abu: ƙwan zabi, kuka, daddawa, gyaɗa, har wata ta kama kaza ta ɗaure ƙafafunta ta saƙala mani a hannu. Na lura gidajen da nake tsallakewa su ma a share suke, kuma matan da ke leƙowa daga zaurukan, da safe murmushi suke, zuwa la'asar sun koma kallona shiru. Na ce wa kaina baƙuwar fuska suke kallo. Haka na hau motar Dutsin-Ma, allo a dama, kaza a hagu.

Maigidan yana ganina ya kama ciki yana dariya har da hawaye. (Har yau ban yafe wannan dariyar ba.) Yana cikin yi ya tambaye ni gidan wa na fara shiga. Na ce Inna Tabawa. Dariyar ta tsaya cak.

"Gidan da ke kusa da shi fa, mai darbejiya?"

"Na biyu ne. Na tsallake."

Ya dafe kai ya yi salati. Tsohuwar nan ita ce Gwaggo Hure, yayar mahaifinsa, babbar dangin gaba ɗaya. A hannunta aka yaye shi, a bayanta ya yi wayo. Kuma ita da Inna Tabawa sun yi shekaru gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma daga nesa. Na ce to kai da ka ce ba wanda ya san ni? Ya ce ai bai san unguwarsu za a ba ni ba. Na ce ka tambaya? Ya ce mu bari zuwa Asabar mu je mu ba da haƙuri. Abin da bai sani ba, ni ma na manta, shi ne allon nan da ya samu sabis yake tura duk abin da ke cikinsa ofis, ba ya jiran Asabar ɗin kowa.

Da safe na iske Anti Saratu tsaye a bakin motar ofis, kuma a karon farko na ga haƙoranta. Ta ce abin da na kawo daga Kurfi ya girgiza ta. Matan cikin gida, masu daddawa da ƙuli-ƙuli, sun fi ɗaliban jami'a rungumar fasaha! Ta ce dole ta gani da idonta, musamman matar nan mai amfani da shi a kowane fanni. Na san abin da ya kamata in yi, in buɗe baki in faɗi gaskiya tun kafin direba ya tada mota. Na buɗe bakin kuwa, ba sau ɗaya ba, amma duk lokacin sai ta riga ni da wani sabon shiri, yadda rahoton zai ba manyan ofis mamaki, yadda za a ce a ƙarƙashinta aka gano. Ga wayata tana ta ɓari a jaka, maigidan ne, na ƙi ɗagawa don ina fushi da shi. Ashe so yake ya ce mani kada in kuskura in taka Kurfi ranar.

Muna tsayawa a bakin famfo wata mata ta tare mu ta ce Hajiya ta dawo, tana kira. Anti Saratu ta ce wace Hajiya? Na ce, a hankali, surukata. Ta kalle ni ta saman gilashi, ta ce to mu je mu gaisa.

Tsakar gidan Hajiya cike yake da mata, kuma an rabu biyu kamar an ja layi. A inuwa, kan tabarmi, waɗanda na tsallake ne, Gwaggo Hure a tsakiyarsu cikin sabon zanen nan na jiya, ta cika ta yi fam. A gefen rana waɗanda na shiga gidajensu, Inna Tabawa a gaba tana taunar goro da wata irin natsuwa ta wanda ya ci gasa. Hajiya tana bakin ɗakinta, ba ta ko kalle ni ba. Na tuɓe takalmi tun daga zaure, na rarrafa na durƙusa a tsakiya da rigar ofis mai tambari a ƙirji. Shugabata tana tsaye a bayana da jakarta.

Gwaggo ba ta amsa gaisuwata ba. Sai ta fuskanci Hajiya ta soma magana, amma da murya yadda har maƙwabta za su ji.

"Ni Hure, da na goya Ɗanjuma har bayana ya yi kanta. Tun da hantsi na sa aka share mani ƙohwa, na yanka zakara, na ɗauro zanen da nake ajiya. Ina zaune yarinyar nan ta taho, na buɗe baki zan ce lale, sai ta miƙo mani yatsa, ga shi nan har hancina, ta ce biyu. Biyu! Kamar tana ƙirga awaki. Ta wuce ta shige gidan Tabawa."

Aka ɗauki salati ta ɓangaren inuwa. Wata ta ce ita lamba ɗaya aka ba ta. Wata ta ce ita ko lambar ba ta ji ba, yatsan kawai ta gani.

Na ce, kaina a ƙasa, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ba ni na zaɓa ba. Allon ne yake nuna gidan da za a shiga."

"Allon ne ya auri ɗana? Kira mani shi in tambaye shi wa ya yaye Ɗanjuma."

A nan ne Anti Saratu, wadda na tabbata ta fara gano inda aka dosa amma ba ta son yarda, ta yi gyaran murya ta gaida jama'a da ladabi, ta tambaya wace ce Malama Tabawa. Inna ta ɗaga hannu da fara'a. Anti ta ce don Allah ta nuna mata yadda take amfani da manhajar a sana'arta. Inna ta kwance bakin zane ta fito da 'yar wayarta mai zare, ta juya ta gaba ta juya ta baya.

"Wace haja kuma?"

Anti ta maimaita tambayar jiya, kalma bayan kalma.

"Oho, wannan! Ni ina na san shi, Malama? Amarya ta tambaya, na ce eh. So kike in ce ma amaryarmu a'a ran da ta hwara taka gidana? Ai ba a yi mamu irin wannan tarbiyya ba."

Ɓangaren rana duka suka gyaɗa kai. Tsohuwa mai daddawa ta ce ita ma eh ɗinta na nan, ba ta janye ba. Gwaggo Hure ta murguɗa baki ta ce da gidanta aka shiga, eh ɗin da za ta bayar ya fi na Tabawa girma. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, na ce a raina ai kuma an kai ƙarshe, ba abin da ya rage. Sai wata daga can baya ta ɗaga murya, da zuciya ɗaya baiwar Allah, ta ce, "Amarya, kazar ta isa gida lahiya? Ki ba ta tsaki, tana gab da hwara ƙwai."

Na ji idon Anti Saratu a ƙeyata ta cikin hijabi.

"Kaza?" ta ce.

Me zan ce? Na bi dokar ofis na tsallake gidaje, dangi sun ce ba ni da tarbiyya. Na bi dokar dangi na karɓi eh da kaza, ofis zai ce ba ni da amana. Kowa na yi wa biyayya, kuma ga ni ni kaɗai durƙushe a rana gwiwoyina suna ƙuna. Wallahi a lokacin kunya da haushi kokawa suke a ƙirjina, kuma haushin ne ke sama.

Anti ta cire gilashi ta goge ta mayar. Ta ce duk aikin Kurfi za a share shi, ba abin da za a ɗauka, kuma bisa ƙa'ida wanda ya karɓi kyauta sallamarsa ake yi. Sai Hajiya, da tun shigowata ba ta yi magana ba, ta ce a hankali, "Ba sai kun wahala ba. Mun yi da ita, ran da aikin ya jawo magana za ta aje. Ga maganar nan ta cika mani gida." Hawaye suka cika mani ido. Aikin da na samu da takardata, an kore ni daga gare shi sau biyu a zama ɗaya.

"A sallami wa?"

Gwaggo Hure ce. Ta miƙe tsaye tana gyara ɗaurin zane, ta juya kan Anti Saratu gaba ɗaya.

"Amaryar gidanmu za ku kora? A tahi ana hwaɗi a kasuwar Kurfi an kori matar Ɗanjuma daga aiki saboda kaza? Kazar ofishinku ce? Ku da kuka turo ɗiyar mutane cikin dangin mijinta ba ku tambayi ko ɗiyar wa ce ba, matar wa ce, ku ne ba ku san aiki ba!" Ta waiwaya wurin Hajiya. "Ke kuma, ba inda za ta aje shi. Laihinta ni ta yi ma, ni zan hukunta abata."

Hajiya ba ta isa ta ja da yayar mijinta ba, sai ta ce yadda kika ce, Yaya. Anti Saratu kuwa, da aka saba ita ke tsawatarwa, ta tsaya tana ba tsohuwa haƙuri, har ta amsa cewa ofis ma yana da nasa sakacin. Na ga gefen bakinta yana rawa, na gane dariya take dannewa, abin ya ƙara ƙona mani rai.

Hukuncin Gwaggo shi ne in tashi yanzu yanzu in bi ta gidanta, a gaban kowa, in ci zakaran jiya da ta ɗumama, sannan in yi mata tambayar da na yi wa Tabawa, don ba za a ce an tambayi Tabawa abu ita ba a tambaye ta ba. Haka aka yi. Na ci nama a gaban surukai ina haɗiya da ƙyar, na fito da allo. Wannan karon na yi bayani dalla-dalla, har Anti ta nuna mata a wayarta yadda ake tambaya ya amsa. Gwaggo ta saurara, ta taɓe baki ta ce, "A'a. Ban san shi ba, ban taɓa yi ba. Rubuta a'a, da sunana cikakke." Amsar gaskiya ɗaya tilo da na samo a Kurfi ke nan, kuma ba ta shiga lissafi ba, don gidan Gwaggo har gobe gida na biyu ne. Na dai danna wani wuri a allon don ta ga na danna.

Ba a kore ni ba. An tura wata baƙuwa daga nesa ta sake aikin Kurfi, ni kuma aka mayar da ni wajen madatsar ruwa ta Zobe, wurin matan masunta masu bandar kifi, inda maigidan ya rantse mani ba shi da ko ɗan uwan nesa. Kazar na so in mayar, aka ce mayar da kyauta ya fi karɓarta muni, tana nan ta cika mana gida da 'yan tsaki. Zagayen dangi kuwa mun yi shi ranar Asabar ɗin, tun daga kan babba har ƙarami, kuma duk gidan da na shiga sai an tambaye ni, "To mu lamba nawa ne?" A ofis har yau idan na yi sallama sai wani ya amsa da "Eh, muna yi."

Ranar farko a Zobe na tsallake gida biyu na shiga na uku da ƙarfin gwiwa. Na iske wata mata tana juya kifi a kan ragar banda, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gidan. Na gaishe ta na fito da allo. Ta kore hayaƙin da hannu, ta ƙura mani ido, sai fuskarta ta washe.

"Tsaya, ke ba amaryar Ɗanjuma ba ce? Ai Hure uwar ɗakina ce!"

Na mayar da allon cikin jaka, na tuɓe takalmi na durƙusa.

Abin da na koya dai shi ne, a ƙasarmu kafin ka auna yadda mutane suka karɓi sabon abu, fara auna yadda suka karɓe ka. Yanzu duk gidan da na shiga, kafin in tambayi mace ko tana amfani da ƙirƙirarriyar basira, tambayata ta farko ba ta cikin allo: Baiwar Allah, kina da dangi a Kurfi?